Ban Wuce Huɗu Ba

Likita ta duba awon jinina, ta dubi fuskata,
ta ce, Barau, ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba,
sai ka koyi zama.
Na yi dariya.
Shekara goma sha ɗaya ina zaune bayan sitiyarin bas,
Bradford zuwa Leeds, Leeds zuwa Bradford,
wa zai koya mini zama?

Ran Talata na hau benen laburare.
Ɗaki mai warin jiƙaƙƙun riguna, kujerun roba, mu tara.
Malamar, Misis Holroyd, kanta fari fat,
ta ce mu rufe ido mu bi numfashi,
ya shiga, ya fita, mu ƙirga zuwa goma.
Na ce a raina, wannan ai ko yaron goye.
Ba ta ce komai ba.
Wanda ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota ake yi.

Ɗaya. Biyu.
A uku kuɗin wuta ya shigo ba sallama.
A bayansa mutumin da ya zage ni ran Juma'a kan fam biyu,
na shirya masa amsar da ban ba shi ba,
na gyara ta, na ƙara mata barkono.
Sai ga ni a Funtuwa
ina auna katangar da ƙanena ya ce ya ɗaga
da kuɗin da na aika tun bara.
Da ƙararrawa ta kaɗa
ban san inda na yar da huɗu ba.

Ta tambaye mu yaya. Na ce, lafiya lau, na ji sanyi a raina.
Ƙarya nake.
Desmond da ke gefena minshari ya yi,
shi aƙalla ya samu wani abu.

A gida na ce bari in rama.
Na tanƙwashe ƙafa a ƙasa, na sa agogo minti arba'in.
Kafin goma gwiwa ta fara ƙorafi,
kafin ashirin ƙafar ta zama ta wani.
Uwale ce ta ɗaga ni, tana cije dariya,
'yarmu Hajjo kuwa ba ta cije tata ba.

Abin da ya fi gwiwar ciwo
ya same ni ne a sallar azahar, cikin ɗakin hutun direbobi.
Na ɗago daga sujada, na rasa:
uku na yi ko huɗu?
Ashe akuyar nan ce dai,
mai tsinke igiya a benen laburare,
ita ke kiwo a sallata tun ina saurayi,
ni kuma ina cewa ai tana turke.

Mako na biyar na tsaya bayan kowa ya fita.
Na ce, Malama, ranar nan ba gaskiya na faɗa ba.
Ban taɓa wuce huɗu ba.
Tana naɗe lemarta ta ce,
shekara talatin ke nan, wata rana a shida nake ɓata.
In ka ɓata, ka dawo ɗaya, aikin ke nan.
Har yau ban sani ba
ko gaskiya ce ko kara ta yi mini.

Jinin ya sauka kaɗan.
Wataƙila zaman ne, wataƙila gishirin da Uwale ta rage.
Ba zan ce wa kowa na gano wani abu ba.

Yanzu da asuba, kafin in tayar da inji,
ruwa na bugun gilashi, titi babu kowa,
nakan ɗora hannu a gwiwa.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Katangar Funtuwa ta leƙo, na ce mata na gan ki.
Ɗaya.
Biyu.
Wata mata da keken jariri tana ƙwanƙwasa ƙofa,
sai na buɗe ido, na buɗe mata.