Daren Sauya Uwar Garke

Tun Laraba takardar ke manne a ƙofa:
daga la'asar ɗin Juma'a kada kowa ya taɓa na'ura.
Habsu dai ta shigar da haihuwa biyu da magariba,
ta ce jarirai ba su karanta sanarwa.

Sabuwar tana cikin kwalinta.
Daga Yamai ta zo, kwance bisa katifa
a bayan mota, kamar mai jinya.
Ban ko yanke igiyarta ba.
Ba a zubar da ruwan tulu don an hango hadari.

Tsohuwar na nishi a lungu.
Shekara goma sha ɗaya tana goye da Tawa:
wanda aka raɗa wa suna,
wanda aka ɗaura wa aure,
wanda aka kai aka baro.
Fankarta na ƙara kamar keken ɗinki a daren salla.

Kwafi uku na kwashe.
Ɗaya a durowa, ɗaya a jakata,
na ukun a gidan yayata, can bayan Babaye.
Amma ajiyar da ba a buɗe ba jita-jita ce,
sai na buɗe, na nemi sunan babana.
Ga shi nan,
da kuskuren harafin da ya yi ta ƙorafi a kai
har ya koma ga Allah.
Ban gyara ba.

Wayoyi ashirin da bakwai,
kowacce na ɗaura mata suna a wuya.
Akwai wata shuɗiya da ta shige bango,
ba wanda ya san inda ta dosa.
Tsahiru da ya ja ta yana Abijan,
lambarsa ba ta shiga.
Na rubuta mata: a bar ta.

Lita talatin na gazuwal a injin wuta,
don na san halin lantarkinmu,
ya fi son tafiya lokacin da ake kallonsa.

Abarshi mai gadi ya miƙo shayi na uku.
Ya ce, to su sunayen,
in an kashe wannan, kafin a kunna waccan,
ina za su tsaya?

Na ce a jakata.
Ya dubi jakar, ya gyara riƙon sandarsa,
ya jawo kujera kusa da ita.

Ƙarfe ɗaya saura.
Na goge zufar tafina a zane,
na yi bisimilla,
na ɗora yatsa.