Tsaunin da Bai Fito Ba

Ƙarfe sha ɗaya na dare, janareta na tari a bayan ɗakin gwaji,
ni kaɗai na rage, ni da na'urar awo.
Ba ta da mudu, ba ta da sikelin mahauta.
Farfasa abu take yi, ta watsa ɓarɓashinsa,
mai sauƙi ya riga isa, mai nauyi ya makara,
ta rubuta wa kowa lambarsa.

Ƙwaya ɗaya na daka
daga fakitin da Sada ya kawo mini da la'asar,
a leda, ya ninke ta sau huɗu
kamar takardar bashi.
"Yaya Kulu, kwana uku muna ba Nafi'u wannan,
zazzaɓin ko gezau."

Allo ya haska.
Layi ya miƙe a ƙasa, shimfiɗe kamar hanyar Jibiya,
tsaunuka suka fara tsirowa a kansa,
sirara, kowanne tsaye a kan lambarsa.
Shekara tara ina karanta su.
Na san su yadda direba ya san duwatsun hanyar Dutsin-ma,
ko cikin gyangyaɗi.

Maganin gaskiya yana da shaida.
A ɗari biyar da ashirin da takwas
'yan'uwa uku ke tsayawa:
biyu kafaɗa da kafaɗa,
autansu a gefe, bai wuce ƙugunsu ba.
Jiya ma na gan su a samfurin asibiti,
har na ce musu sannu.

Yau na kai linzami wurin,
na faɗaɗa sau goma.
Na faɗaɗa sau ɗari.
Ba kowa.
Sai ƙananan tsiro na hayaniyar na'ura,
kamar gero kwana biyar da shuka.

Na zargi na'urar tukuna, don ta fi sauƙin zargi.
Na wanke mata hanji, na sake saita ta,
na ba ta ruwa zalla, ta ce ruwa ne.
Malam Isyaku da ya koya mini aikin yakan ce,
kada ki gaskata "akwai" a gani ɗaya,
balle "babu".
Na maimaita sau uku. Babu ɗin bai canja baki ba.

Sai na ɗora hotuna biyu a allo guda,
shuɗi a sama, na gaskiya,
ja a ƙasa, na Sada, kife
kamar mutum da inuwarsa a bakin tafki.
Mutum da kai.
Inuwa ba kai.

Can hagu, a ɗari da hamsin da biyu,
wani dogo ya miƙe shi kaɗai yana ƙafafa:
farasitamol.
Daidai wanda zai sanyaya goshi na awa huɗu,
uwa ta taɓa, ta ce alhamdu lillahi,
ta je ta ɗora tuwo.
Saura alli ne da sitaci,
na'ura ko sunansu ba ta kira ba.

Mai kemis ɗin Ƙofar Marusa na san shi,
yakan bi ni da canji in na manta.
Wataƙila shi ma kwali ya saya, ya gaskata kwali.

Waya ta yi ƙara. Sada ne daga asibiti:
an sa ƙarin ruwa, yaron ya nemi koko.
"Me na'urar taku ta ce?"

Na dubi allo.
Da guba na gani, da na nuna tsininta da yatsa.
To yaya ake nuna wa uba hoton abin da babu?

Na ɗauki jan layi, na zagaye filin,
na rubuta lambar a samansa,
na danna a buga.
Takarda ta fito da ɗuminta
kamar goshin yaro.