Ɗiban Wuta

Shekara ashirin da bakwai ina jan aljihun katako,
kati bayan kati, duk da rubutun hannuna,
a ɗakin karatun nan na Daura mai yoyo ta gabas.
Na san littafi da warinsa.
Na san wanda gara ta fara ci ta ƙeya.
Abin da maƙwabci ya ajiye ne ban sani ba.

Nalado ya zo neman littafin cutar auduga.
Na ja aljihu, na ce babu.
Ya sayar da zabi biyu ya hau motar Katsina,
can aka ce ya gwada Dutsin-Ma,
ya dawo bayan isha'i, takalmi a hannu, ciki na kuka.
Ashe littafin yana Mashi,
gefen titin da ya bi sau biyu,
kwance, shekara tara ba a ɗaga bangonsa ba.

Sai ga Barira da na'ura a jakar goyo.
Ta ce, Baba, manhaja ce marar kwado,
tushenta a buɗe, ba a saya, ba a haya,
duk mai iyawa ya sa hannu, kamar noman gayya.
Ka shigar da naka, su shigar da nasu,
kowa ya ga kantar kowa daga inda yake zaune.
Na ce, akuyar gari duka ai kura ce ke kiwonta.
Ta yi dariya ta nemi wurin jona waya.

Ban faɗa mata gaskiya ba.
Kunya ce.
Kada Funtuwa ta leƙo rumbuna ta hango ƙasa.

Wata huɗu muna yi.
Ni karanta kati, ita dannawa.
A ɗauke wuta, mu ci gyaɗa mu jira.
Marubuci guda, mu mun rubuta Muhammadu,
Katsina ta ce Mamman, Malumfashi ta gutsure sunan,
bawan Allah ya zama mutum uku.
Sai da muka yi sati muna musu ta waya
kafin muka mai da shi cikin rigarsa.

Wurin jere kuma na'urar ba ta san lanƙwasa ba.
Ta haɗa baƙi da baki,
ta zuba ƙasa cikin kasa.
Na ce, kin gani?
Barira ta buɗe cikinta kamar mai fiɗar kifi,
kwana uku ba ta amsa sallama da kyau,
ta gyara, ta aika gyaran kyauta
ga mutanen da ba ta taɓa gani ba.
Wani ya yi mata godiya
daga garin da rana ke faɗuwa muna alwalar asuba.

Ranar wata Laraba, da hantsi,
allon ya yi ƙyas.
Funtuwa ce, Funtuwar da nake jin kunya,
tana roƙon ɗan siririn littafin rinin baba,
wai ta duba ko'ina, mu kaɗai ke da shi.
Na san inda yake.
Shi ke tokare da tagar yamma tun daminar bara waccan.
Na zaro shi, na goge da hannun riga,
na tsaya riƙe da shi, ban ce komai ba.

Ina yaro, inna kan aike ni gidan Gwaggo Sahura
in ɗibo wuta a tsingaro.
Ina tafe ina hurawa, ina kare ta da tafi.
Kullum sai na waiga.
Ban taɓa ganin murhunta ya ragu ba.

Aljihun katako yana nan, ban yar ba.
Na sama na ajiye goro da tabarau,
sauran na bar wa katunana su huta.
Jiya Nalado ya dawo, neman na ciwon kaji.
Hannuna ya tafi aljihu da kansa,
na janye shi,
na ce, zauna, bari mu tambayi Mashi.