Hayar Kabari

Wasiƙar ta same ni ran Laraba da azahar
a layin famfo na Garin Malam,
jarka shida gabana, ruwa bai zo ba.
Yaron gidan waya ya ce daga Marsai take.
Na ce wa ya rage mana a Marsai?

Mushe Laminu ya sa gilashinsa mai ƙafa ɗaya,
ya karanta a zuci, ya sake karantawa,
ya cire gilashin ya dube ni:
"Zuwaira, hayar babanki ta ƙare."

Dariya na yi. Wallahi dariya na yi.
Mutumin da ya bar duniya shekara talatin da biyu,
wane ɗaki yake kwana da za a bi shi haya?

Ashe can kabari ma ɗaki ne.
Abokansa masu dako a bakin teku
su suka yi karo-karo, suka biya masa talatin,
yau duk sun kwanta, kowa da tasa takarda.
An ce an kafa ɗan allo a kansa:
mai wurin nan ya zo ya gan mu.
Shekara biyu allon na shan ruwan sama,
Ma'azu bai tashi ya je ba.

In ba a biya ba, in ji takardar,
za su tona, su tattara abin da ya saura,
su sa a ɗan akwati, su manna lamba,
su haɗa shi da sauran waɗanda ba a biya wa ba.
Wurin kuwa a ba wani.

Jaka ɗari huɗu da hamsin.
Na auna ta da tiyar hatsi,
na auna ta da kuɗin lakkwal ɗin Sabi'u,
da kwanon rufin da damina ta ɗage.
Ko na sai da keken ɗinki a kasuwar Dole
na ɗora akuyoyin biyu,
rabi ba ta kai ba.

Ina da bakwai ya tafi.
Abin da na riƙe nasa: warin jima a tafin hannu,
da hoto guda, yana sanye da kwat ɗin aro,
bai yi murmushi ba, sanyi ya hana.

Da la'asar na bi ta bayan duwatsun Birni
wurin Baba Kanta mai haƙa.
Yana zaune, diga a jingine da cinya.
Na ba shi labari. Bai yi salati ba,
goro ya ɓara, ya miƙo min rabi.

Ya ce, "Nan ba mu karɓar ko dala,
amma kada ki ce ba a tashin kowa.
Tudu ya kwanta, tukunyar kai ta fashe,
masu ziyara su ma su shigo ciki.
Sau nawa ina haƙa in tarar da mai gida?
In yi masa sallama, in matsar da shi gefe,
in ce gafara malam, ka yi baƙo.
Dubi can," ya nuna da haɓa,
"gidan bulon nan mai shuɗiyar ƙofa,
kakata na ƙarƙashin madafarsu."

Na ce to ai kai sallama kake yi.
Su lamba za su sa masa.

Ya yi shiru. Ya tofar da goro.
Ya ce, "Ranar tashi ba da lamba ake kira ba."

Na dawo bayan magariba.
Na ce Mushe ya rubuta musu da Faransanci mai kyau:
ba ni da shi.
Amma wanda zai ɗaga shi,
don Allah ya wanke hannu,
ya ce Ma'azu, kafin ya taɓa.
Sunansa ke nan. Baduku ne, ɗan Damagaram.

Mushe ya ce babu gurbin wannan a takardar.
Na ce ya rubuta a baya.

Cikin dare famfo ya yi tari, ruwa ya zo.
Na ɗauki jarkokina na fita.