Mai Fili Ya Zo

Kwana shida famfo bai ce uffan ba a unguwarmu.
Tsahara ta tara ruwan wanke-wanke a tsohon daro
saboda fangali biyu na yakuwa
da lemun tsamin da ya ƙi girma, ya ƙi mutuwa.

Ranar Laraba da hantsi ina gyaran rediyo
na ji ta ja salati, ba da ƙarfi ba,
irin wanda ake ja idan an ga wanda aka fid da rai da shi.
Na leƙo. Gauraka ne,
tsaye tsakanin daro da igiyar shanya,
da tukkunsa na zinariya, da kunci fari da ja,
yana duban kajinmu kamar mai karɓar haya.

Rabona da shi tun ina ɗan lakwal,
sa'ad da muke bin bayan duwatsu da danƙo
mu tarar da su bibbiyu a bakin ruwa suna rawa.
Jikana Lawali ya ce, Kaka, talo-talon wa ya yi kitso?
Ban yi dariya ba. Shekarunsa tara a Damagaram,
ya san sunan kowane babur da ƙararsa,
bai san wannan ba.

Kafin a jima zaure ya cika.
Mutari mai faci ya ce naman ya fi na zabo,
ya kuma yi shiru da Tsahara ta ɗago muciya.
Liman ya ce alheri ne.
Wata ta ce daga gidan wani alhaji ya tsere a Sabon Gari,
ga guntun zare shuɗi a ƙafarsa,
an datse masa fiffike, gashi ya sake tofowa.
Yara sun ɗaga salula sama da kanmu.

Ni kaɗai na san abin da ban faɗa ba.
Shekara talatin da ɗaya ina awon filaye.
Nan inda daron yake, da ɗakina, da shagon Mutari,
tabki ne. Na shiga shi har gwiwa da igiyar awo,
na kafa turakun siminti cikin laka,
na rubuta a takarda: fili, babu mai shi.
Aka kawo shara da ɓaraguzai mota-mota.
Ladana shi ne wannan gida.

Ya sunkuya ya sha ruwan da kumfa ke yawo a kai,
sau uku, yana ɗaga wuya.
Na ji kunyar da ban ji ba gaban alƙali ko maigari.
Na shiga na kwarfo na randa, na shanmu,
wanda muka saya dala goma jarka,
na zo da kwanon a hannu biyu.

Bai jira ba.
Ya taka sau huɗu, ya buɗe fukafukai fari da baƙi,
ya haye katanga, ya haye wayar lantarki,
ya yi gabas, wajen Gidimuni,
da kukan nan mai kama da kakakin da ya tsage.

Yanzu kullum da asuba Tsahara na cika kwanon
ta aje gindin lemu, ko famfo ya zo ko bai zo ba.
Kurciyoyi ne ke sha, da ƙadangare ɗaya.
Ban hana ta ba.
Takardar filin tana cikin akwati, ƙarƙashin rigar salla,
da sa hannuna a kai.