Jini a Jikin Rake

Babana Nomau ya yi gadin masaƙa a Kakuri
tun injuna na ruri har suka yi shiru,
ya ci gaba da gadin shirun.
Abokin aikinsa kare ne, Ƙyale-su,
ja, mai yankakken kunne,
ya san ƙarar kekensa tun daga gangaren gada.

A jikin rake na fara gani.
Ya ɓare da haƙori kamar kullum, ya tsotse, ya tofar,
abin da ya tofar ya faɗi da ja-ja.
Na ce, Baba, jini.
Ya ce, raken Maƙarfi ne, kaifi gare shi.

Da asuba, ruwan kurkurar baki
ya bi kwata kamar zoɓon da aka sirka.
Ya ce, sabon asuwaki ne.
Aka kawo kanumfari, aka kawo gishiri da kanwa,
wani ma ya ce ruwan batir, Allah ya sa ya ƙi.
Shekara uku.
Dariyarsa ta koma bayan tafin hannu.
Jikoki suka daina hawa cinya,
ba wanda ya iya gaya masa dalili.

Shi kuma Ƙyale-su ya bar ƙashi.
Kare fa, ya bar ƙashi!
Sai ya shinshina, ya karkata kai, ya tauna da gefe ɗaya,
yawu na lilo kamar zare.
Ya sha ruwa, ya sha, bai ƙoshi ba,
haƙarƙari suka fito sai ka ƙirga.

Baba, da bai taɓa kai kansa asibiti ba,
ya yi shatar Napep har wurin likitar dabbobi.
Likita Laraba ta sa safar hannu, ta ɗaga leɓen.
Dasashi ya janye kamar kogin Kaduna da rani,
duwatsu duk a fili,
datti ya daskare kamar siminti,
mugunya na tsatsafowa a gindin fiƙa.
Ta ce, baki ai zaure ne, Baba.
Ɓarawon da ya kwana a zaure
ba a zaure yake tsayawa ba.
Ya bi jini, ya kai ƙoda. Mun makara.

Baba ya matso zai yi tambaya,
numfashinsa ya riga maganarsa isa.
Ba ta ja da baya ba. Ta dube shi.
Ta ce, ni ba likitarka ba ce,
amma idan ka goge baki, me kake gani?

Bai amsa ba. Ya sa hannu ya rufe.

Kwana tara Ƙyale-su ya ƙara.
Mun haƙa masa rami bayan katangar masaƙa,
inda ciyawa ta cinye tsohon layin dogo.
Baba ya daɗe tsaye da shebur,
harshensa na taɓa wani haƙori yana girgiɗi.

Ranar Litinin shi ya tashe ni.
Layin likitan haƙori, kati, benci, jira.
Aka cire uku, aka kankare sauran,
aka ɗiba jini, suga ya hau.
Likitan ya ce su biyun maƙwabta ne,
kowa na hura wa ɗan'uwansa wuta,
zuciya ma tana iya shan hayaƙin.

Yanzu buroshi na cikin kofi kusa da buta,
safe da dare, ina jin sa yana gurzawa a hankali.
Rake sai ran Juma'a, gaɓa ɗaya,
da wuƙa yake yanka ta ƙanana kamar alawa.
Jiya ƙaramar jikarsa ta hau cinya,
ta sa yatsa a giɓin tana dariya.
Ya ce mata, nan wurin kare ne,
shi ya riga ni shiga layi.