Motar da Ke Shan Kogi

Kwana huɗu na yi a layin mai na Kalanki,
shekarar da aka rufe iyaka.
Kan sitiyari na kwana, shinkafa mai sanyi na ci,
na haddace lambar motar da ke gabana
fiye da ranar haihuwar 'yata.
Rana ta biyar aka ɗiga min lita biyar,
yaron gidan man ko kallona bai yi ba.

Tun ranar na ƙullaci tanki.
Ita motar ba ta yi min laifi ba.
Shekara goma sha uku tana haye dutsen Nagdhunga da ni,
tana tari, tana haki, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.
Tankin ne baƙon da ba ya ƙoshi,
shi ke fara sa hannu a kwanona,
abin da ya rage shi nake kai wa gida.

Kathmandu kuwa kwano ce, duwatsu ne bakinta.
Hayaƙin da muka fitar da safe
shi muke shaƙa da yamma.
Sabitri tana da shekara tara
likita ya ba ta abin fesawa a baki.
Na tsaya a ƙofar asibiti ina zagin manyan motoci,
tawa na gefe a kunne, tana nata aikin.

Sai da muka jingina gonar Nuwakot a banki.
Phulmaya ta kwana uku ba ta yi min magana ba.
Ranar da na kawo sabuwar, ta zagaye ta sau biyu,
ta ce, "Tayar da ita mana."
Na ce, "Ai a tashe take."
Ta ja tsaki: "Abin da ba ya numfashi, ta ya za a yarda da shi?"
Duk da haka ta shafa mata jan gari a goshi,
ta rataya mata furanni.

Hira Kaji, bakanikena tun ina yaron mota,
ya buɗe gabanta ya leƙa ya daɗe.
"Ina hanjin?" in ji shi.
Ba baƙin mai da zai juye, ba fulogi, ba salansa.
Ya goge hannunsa da tsumma, hannun da bai ɓaci ba.
Har yau ina biyawa mu sha shayi,
ni nake biya, ba ma zancen dalili.

Ba zan ce ba na tsoro ba.
Damina ɗaya ƙasa ta zaftaro ta tare hanyar Mugling,
awa tara muna tsaye, batir saura sha ɗaya,
na kashe fanka, na kashe rediyo, na kusa kashe numfashina.
Kuma an ce batir ma tsufa yake,
ban san wa zai riga wani ƙarewa ba, shi ko bashin.

Amma in na kamo gangara daga saman dutse
sai in ga lambar tana ƙaruwa,
mota tana cin abinci a kan tafiya!
Dariya nake ni kaɗai, fasinja su ɗauka na zare.

Yanzu ina jin abin da inji ya daɗe yana ɓoye min:
ƙararrawar haikali da asuba,
ruwan sama a kan rufi,
wata mata a kujerar baya tana kuka a hankali
tana zaton ba mai ji.

Da dare in saka mata waya a bango, in kwanta.
Wutar daga madatsun kogunanmu take zuwa, in ji Sabitri,
ta nuna min a littafinta, har da Trishuli.
Trishuli! Kogin da ya tafi da ɓaunar babana
da rabin gonarsa a dare ɗaya.
Baba ya mutu yana bin sa bashi.

Jiya na tsaya a bakinsa na wanke fuska.
Ruwan na gudu, launin toka, sanyi har ƙashi.
Ban ce masa komai ba.
Yana biya dai, kilomita bayan kilomita,
ni kuma ina rubutawa.